Fankar da ke Cikin Akwatin Baba

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya sauƙaƙa maka ciwon bayan nan da zaman kujera ya jawo maka, ya sa albarka a aikin da ya nisanta ka da mu, ya kuma nuna mana ranar dawowarka muna raye. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Inna tana nan da ƙarfinta, gwiwar ce dai takan motsa mata idan ta daɗe a tsaye, kuma ka san ta, da ta zauna gara a ce ta share gidan sau biyu. Maigidana yana nan yana fama da aiki, ba ya shigowa sai magariba. 'Yan biyu sun shiga aji na gaba, sun kuma koyi musu, sai Inna take cewa ba a ƙasa suka tsinta ba, tana faɗa tana kallona. Kawu ya zo ya duba mu ya koma, ya bar maka saƙon gaisuwa da ƙorafin cewa ka manta lambarsa.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa daga wadda kuke magana a waya kusan kullum. Dalili shi ne a waya ba ka barin mutum ya kai aya, ina fara magana sai ka tare ni da tambayar ko na kashe na kunna. To yau sai ka karanta har ƙarshe, tunda takarda ba a katse ta. Maganar akwatin Baba ce, wato na'urar ajiyar nan da ka kawo a zuwanka na ƙarshe, ka ɗora a kan kantar falo kusa da na'urar intanet, ka zuba mata duk kaset-kaset ɗin da aka naɗi muryar Baba, Allah ya jiƙansa. Kai ka fi kowa sanin cewa bayan ruwan da ya shiga ɗakin kaya, kaset ɗin nan babu mai sauran amfani. Abin da ya rage mana na muryarsa yana cikin faifai biyun da ke cikin akwatin nan, ga shi kuma ɗaya ya fara nuna rauni saboda zafin da ya sha. Na ji hukuncin da ka yanke, cewa in kashe akwatin, in zare faifai biyun, in ba wani matafiyi ya kai maka. Yaya, ba zan yi ba. Ba rashin kunya ba ne, ka saurari dalilina tukuna.

Ka tuna yadda abin ya fara. Da zafi ya shigo, fankar da ke bayan akwatin ta ɗan ɗaga murya, abin da kai da kanka ka ce ba komai ba ne, aikinta ke nan. Bayan nan sai saƙonni suka fara zuwa wayarka da rana tsaka: zafi ya yi yawa, fanka tana gudu iyakar ƙarfinta, daga ƙarshe akwatin ya kashe kansa. Ni kuwa in na dawo daga aiki dab da magariba sai in tarar da shi a mace, in danna ya tashi, ya yi ta aikinsa lumui, fankar tana juyawa a hankali kamar ba ita ba. In buɗe shafin saiti in duba ma'aunin zafi, komai daidai. Da safe kafin in fita, haka. Kai kana can kana zargin ba na dubawa da kyau, ni ina nan ina zargin wayarka ce ke maka mafarki. Abin ya ba ni haushi ƙwarai, domin ba abin da na tsana kamar ciwon da ke ɓuya idan ya ga likita. Ka san aikina a ɗakin gwajin jini ya koya mini abu ɗaya: ba a canza abu biyu lokaci guda, in ba haka ba, ko an warke ba a san abin da ya yi maganin ba. Sai na ɗaura aniyar bin abin nan ɗaya bayan ɗaya, ko zai kai ni shekara.

Da ƙura na fara, tunda ita ce ta fi kusa da zato. Na kashe akwatin, na cire waya, na shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburin cin abinci, na zare faifai biyun na jera su yadda suke don kar in musanya musu gurbi. Na kwance murfin baya da ƙaramar sukurdirebar nan da ka bari a cikin durowa, na riƙe fuka-fukan fankar da yatsa kamar yadda ka gargaɗe ni, na share su da burushi mai laushi. Ƙura akwai, amma ba wadda za ta kashe na'ura ba. Na mayar da komai, na tafi aiki da ƙwarin gwiwa. Kafin azahar ka kira ni da muryar nan taka ta wanda ya gaji da duniya. Na koma kan saiti, na cire fankar daga tsarin shiru na mayar da ita tsarin sanyaya. Bai hana ba. Ka ce in sabunta manhajar akwatin, na sabunta. Na lura rana takan leƙo ta taga ta sauka a gefen kantar, sai na matsar da shi ƙuryar da ba ta kaiwa, na bar masa fili a gaba da baya. Akwatin nan ko gezau, lokacinsa na yi sai ya mutu.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ranar da na sa fankar a cikakken gudu, ta yi ta ƙara tun safe ba sassauci. A hankalce, ko bai warke ba ya kamata ya ƙara daɗewa kafin ya mutu. Sai ga shi ranar ya mutu da wuri fiye da kullum, tun hantsi. Na zauna a wurin aiki ina ta juya abin a raina, har abokiyar aikina ta tambaye ni ko wani ne ba shi da lafiya a gida. Na ce mata eh, amma ba irin wanda ake kawowa nan ba. Daga nan na tafi wurin mai gyaran kwamfuta na bakin titi, mutumin nan mai gilashi a goshi. Tun kafin in gama bayani ya ce fankar ce ta tsufa, kullum haka suke yi. Ya ba ni wata, na zo gida na tarar mai waya uku ce, tamu kuwa mai huɗu ce, wadda akwatin ke iya rage mata gudu ko ya ƙara. Na koma, muka ɗan yi 'yar sa-in-sa, ya ce duk ɗaya ne, na ce in duk ɗaya ne me ya sa aka yi su iri biyu. Ya tona kwalayensa ya samo daidai. Na ɗaura sabuwar fanka, washegari akwatin ya mutu kamar ba a yi komai ba. A ranar ce ka yanke hukuncinka, ni kuma na ajiye wayar raina a ɓace.

Ban ɓoye maka ba, na ji tsoro. Tsohuwar kwamfutata ba ta da wurin da zai ɗauke ko rabin abin da ke ciki, na kwafi abin da ya samu shiga, saura yana can. Kullum akwatin ya mutu sai in ji kamar an ƙara wa faifan nan mai rauni wani ciwo. Amma da na yi tunanin aika maka da su sai gabana ya fi faɗuwa. Faifai mai rauni a cikin jakar matafiyi, ana jefawa ana saukewa, wannan ɗaya ke nan. Na biyu kuma ita ce Inna. Kai ba ka nan, ba ka ganin yadda bayan la'asar take shiga ɗakinta, ta jawo ƙofa, ta kunna muryar Baba ta wayarta, tana fitowa ta 'yar sifikar nan da ka ajiye mata a gefen gado. Tun da akwatin ya fara mutuwa da rana, sai ta zauna jiran dawowata don in tayar mata da shi, ba ta taɓa yin ƙorafi ba, amma ina shigowa idonta a kaina yake. Wannan matar zan ce wa an tafi da shi, sai wata rana? Ni ban iya ba.

Sai na koma kan tarihin zafin da akwatin ke ajiyewa, na zuba masa ido yadda nake zuba wa sakamakon gwaji. Abu biyu na gani. Na farko, zafin ba bin rana yake yi ba. Da rana ce, da sai ya hau a hankali zuwa azahar. Wannan kuwa jim kaɗan bayan fitata yake fara hawa, da sauran sanyin safiya, ya miƙe sama ba tsayawa. Na biyu, ranakun da ba na zuwa aiki layin da ke nuna zafin a kwance yake tun safe har dare, lafiya lau. Wato ciwon ba ya zuwa sai ba na nan. Na tambayi Inna ko akwai mai taɓa akwatin in na fita, ta ce ba wanda ke cire masa waya, ba kuma wanda ke danna masa komai. Gaskiya ta faɗa, ni ce ban iya tambaya ba. Na sake buɗe murfin baya, sai na ga sabuwar fankar da ba ta daɗe ba har ta tara wani abu a fuka-fukanta, ba fari-fari irin na ƙura ba, ruwan ƙasa. Na kwashe shi a 'yar takarda, na tafi da shi wurin aiki, da na samu sarari na sa shi ƙarƙashin madubin gwaji. Ka yi dariya in kana so. Ba ƙura ba ce, zaren ulu ne. Kuma a gidan nan kaf abu ɗaya ne na ulu mai ruwan ƙasa, mayafin Baba, wanda yake naɗewa a wuya da kafaɗa ko da ana zafin da kowa ke neman inuwa.

Washegari na nemi izini na dawo gida da hantsi. Tun daga ƙofar gida nake jin kukan fankar. Na shiga falo a hankali, sai ga akwatin an lulluɓe shi ruf da mayafin, an tura gefunan ƙarƙashinsa, gaba da baya, ba ta inda iska za ta shiga ko ta fita. Inna tana zaune a kujera kusa da kantar, ta ɗora hannu ɗaya a kansa. Na taho da faɗa a bakina, Yaya, na shirya shi tun a mota, amma da na gan ta a haka sai na fasa. Na yaye mayafin, akwatin ya yi zafin da ba a iya daɗe da hannu a kai. Ba ta yi musu ba, ba ta kuma ji kunya ba. Ta ce ranar da ya fara ƙara ta tambaye ni me ke kuka a ciki, na ce mata fanka ce, na wuce abina. Ta ce tun daga ranar ba ta samu natsuwa ba. In na fita sai ta rufe shi, in fankar ta ƙara kuka sai ta ƙara matse mayafin, in ta yi shiru sai ta ɗauka an samu lafiya, ta yaye ta yafa a kafaɗarta. Ba ta san shirun nan mutuwar akwatin ba ne. Ka ga dalilin da ya sa ranar da na sa cikakken gudu ya mutu da wuri, ranar har da tawul ta ƙara masa.

Ka san Baba da fanka. Duk ɗakin da ya shiga sai an kashe, ya ce tana sa masa mura, tana riƙe masa ƙirji. Mu muna zufa muna gunaguni, Inna kuwa tana jin takunsa hannunta ya kai makunni. Na tuna mata a hankali cewa ba Baba ba ne a cikin akwatin, murya ce kawai aka ajiye. Sai ta dube ni irin kallon da take yi mana muna yara idan mun faɗi abin da kowa ya sani, ta ce, “Na san ba shi ba ne, ban haukace ba. Hannuna ne bai sani ba.” Daga nan ta ce in tayar da akwatin in ya huce, akwai abin da za ta jiyar da ni. Ka san tun rasuwarsa ban iya sauraron kaset ɗin nan ba, ina gyara akwatin ne kawai, ban taɓa buɗe abin da ke ciki da kunnena ba. Ta kai ni ɗakinta, ta kashe fankar sama, ta kunna wanda take saurara kullum. Wanda ka naɗa ne kana saurayi, lokacin da ka samu rakodarka ta farko, ka sa Baba ya ba da labarin ɗakin hayar da suka fara zama shi da Inna. Ana danna shi sai ƙarar fanka, sai gyaran muryarsa, sai ya ce, “Kashe fankar nan tukuna, kar ta cinye mini murya.” Sai muryarka siririya ta ce to Baba, sai takunka, sai shiru, sannan ya fara.

Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba, irin wanda ban yi ba tun ranar da aka fita da shi. Shi a lokacin rakoda yake nufi, kar ƙara ta danne maganarsa. Amma ka duba matar da kullum take jin mijinta yana wannan roƙon, sannan 'yarta ta gaya mata akwai fanka tana gudu a inda aka ajiye muryarsa. Me kake so ta yi? Da na share hawayena na ga cewa faɗa ba zai yi aiki ba, hani ma ba zai yi ba, domin in na hana ta za ta bari don ni, amma ranta ba zai kwanta ba. Sai na tuna mata lokacin da zazzaɓi ke kama Baba, ba ya yarda da fanka, amma ita takan zauna a gefensa da mafici tana yi masa fifita har ya yi barci, bai taɓa cewa ta daina ba. Na kama hannunta na kai bayan akwatin, na ce ta ji. Iska mai ɗumi ce ke fitowa. Na ce mata wannan ba sanyi take hura masa ba, zafi take janye masa, fifita ce take yi, in ta tsaya zafin ne zai cinye muryar. Ta daɗe da hannunta a wurin, ta kai shi gaba, ta sake mayar da shi baya, don ka san ba ta karɓar magana sai ta gwada. Can ta ce to in fifita ce a bar ta ta yi, amma a gaya mata ta rage hayaniya, mai fifita ba ya ihu.

Na mayar da saitin fankar tsarin da akwatin ke rage mata gudu da kansa idan ba zafi, yanzu sai ka kasa kunne kafin ka ji ta. Mayafin kuma na nuna mata inda ya fi dacewa da shi, kan 'yar sifikar ɗakinta, tunda ta nan muryar ke fitowa kuma babu fanka a cikinta. Tana naɗe ta da shi, ta bar gaban a buɗe. Tun daga ranar akwatin bai sake mutuwa ba, layin zafin a kwance yake ko ina nan ko ba na nan, kai ma shaida ne tunda wayarka ta daina damunka, ko da yake ba ka kira ka ce sannu ba. Ina jira.

Yanzu ga abin da nake so. Kar ka aiko kowa ya karɓi faifai, ba zan bayar ba. Maimakon haka ka aiko mini da sabo irin na ciki, in musanya mai raunin, akwatin ya kwafe masa komai daga mai lafiyar. Na karanta yadda ake yi, kuma kana iya tsayawa a waya kana katse ni kamar yadda ka saba. Ka haɗo da wani faifan da ake jonawa ta waje, in kwafe komai a ciki, shi ne zai yi tafiya zuwa wurinka, don ya zama muryar tana gida biyu. Sannan ka taɓa cewa wata rana za ka zauna ka gyara naɗe-naɗen nan, ka yanke hayaniyar farko da ta ƙarshe. Na roƙe ka, wannan ɗin kar ka taɓa shi. Jiya na dawo da wuri, na zauna tare da ita. Ta kashe fankar sama, muna zaune cikin zufa, ta kunna. Da Baba ya ce a kashe fankar nan tukuna, na ga hannunta ya ɗaga da kansa, ya tsaya a sama, sannan ya sauka a kan mayafin. Ta gyara masa zama a jikin sifikar, ta ce a hankali, “An kashe, Malam. Yi maganarka.” Shi kuwa ya yi.

Ka gaishe mini da Anti, ka ce mata na gode da haƙurin da take yi da kai. Ka shafa mini kan Babban Mutum da 'Yar Lele, ka ce musu gwaggonsu tana kewarsu, kuma su riƙa kiran kakarsu ba sai an tuna musu ba. Maigidana da 'yan biyu suna gaishe ku. Inna ta ce in gaya maka tana sa maka albarka, kuma ka riƙa rufe ƙirjinka in za ka kwanta. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka makwancinsa, ya bar mu tare da Inna cikin lafiya, ya sada mu da alheri.

Taka ƙanwa har kullum,
wadda Baba ke kira Uwar Kafiya.